Kwana uku ba tudu: yaya ake wuni a jirgin ruwa lokacin hutun ƙarshen shekara?

Maman Yusra ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. A hutun Disamban nan, in Allah ya yarda, za mu shiga ɗaya daga tashar Miami ta Amurka, tafiyar kwana bakwai zuwa tsibiran Karebiyan: St. Maarten da St. Thomas da wani ƙaramin tsibiri a Bahamas. Mu biyar ne, ni da maigida, yara biyu (shekara 4 da shekara 10), sai Hajiyarsa, wadda ta haura 65 kuma tana fama da ciwon suga da hawan jini. Biza da tikiti duk sun kammala.

Abin da ya tsaya mini a rai, a jadawalin akwai kwana uku da jirgin ba zai tsaya ko'ina ba, biyu a jere wajen tafiya, ɗaya wajen dawowa, kuma ɗaya daga ciki ta faɗo ranar 25 ga wata. Me ake yi a irin wannan wuni? Yaya batun jiri da amai, musamman ga Hajiya? Sallah fa, ina mutum zai duba alhali jirgi yana tafiya? Sannan abinci, tun da lokacin Kirsimeti ne. Don Allah wanda ya sani ya yi mini dalla-dalla. Na gode.

Abu Fawwaz ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Yusra. Allah ya kai mu lokacin. Abu na farko da za ki riƙe: ranar da jirgi ya tsaya a tasha, yawancin mutane sun fita gari, jirgin naki ne. Ranar teku kuwa kowa yana ciki, kuma makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne makonnin da jirgi ya fi cika a duk shekara, don makarantu na hutu, an cika gado na uku da na huɗu a ɗakuna da yara. Ɗauki misalin jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024: idan mutum bibbiyu ne a ɗaki yana ɗaukar 5,610, idan aka cika kowane gado yana kai wa 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Ko naku bai kai wannan girma ba, lissafin ɗaya ne. Saboda haka dabarar wunin gaba ɗaya ita ce ku saɓa wa agogon taron jama'a.

Mai tashi asuba ya riga ya ci riba. Daga 6:30 zuwa 8 na safe saman jirgi fayau yake, wurin abincin ɗebi-da-kanka ba layi. Daga 8:30 zuwa 10 kuwa za ki riƙe faranti kina zagaye neman teburin mutum biyar. Haka da rana, daga 12 zuwa 1:30. A ranakun teku yawancin jirage suna buɗe babban ɗakin cin abinci da rana, wanda ake zaunar da mutum a kawo masa takardar zaɓi, kuma kuɗinsa yana cikin tikiti. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Can ya fi dacewa da Hajiya, ba tsayuwa, ba turereniya.

Bakin wurin ninƙaya yakan cika kafin ƙarfe 9. Mutane suna ajiye tawul su kama kujera su tafi, ko da yake doka ta ce kujerar da aka bari kamar minti 30 zuwa 40 ma'aikata za su kwashe kayan. Kada ku shiga wannan rigimar. Ku nemi hawan da kwale-kwalen ceto suke rataye, a jirage da yawa akwai baranda doguwa a nan mai inuwa da kujeru, kusa da ruwa, ba kiɗa. Yara su yi wankansu da safe ko bayan 4 na yamma, lokacin da masu cin abincin dare na farko suka tafi shiri. Tawul ɗin wurin wanka a wasu jirage da katin ɗaki ake karɓarsa, wanda bai mayar ba a caje shi kamar dala 25.

Sai iska. Daga Miami zuwa St. Thomas kusan mil 1,000 ne na teku, jirgin yana gudun kamar not 20, wato kilomita 37 a awa, shi ya sa ake cin kwana biyu. Wajen tafiya kuna fuskantar iskar gabas ne, wadda take ƙara ƙarfi a Disamba har mutanen yankin suna kiranta iskar Kirsimeti. Gudun jirgi ya haɗu da nata, sai a ji a sama kamar kilomita 60 ko 70 a awa. Hula da ɗankwali da mayafin da ba a soke da fil ba, teku za su tafi. Wani lokaci ma rufe hawan ƙoli ake yi. Wajen dawowa iskar tana bayanku, saman jirgi ya yi lumui, don haka duk abin da ake yi a waje, irin su silalo na ruwa da wasan ƙwallo, ranar teku ta uku ta fi daɗinsa. Rana ta farko kuma tana iya zuwa da sanyi idan iskar hunturu ta gangaro daga Amurka, kowa ya riƙe rigar sanyi mara nauyi. Ko ba don waje ba, na'urar sanyaya ɗakunan taro ba ta wasa.

Da tsakar rana kyaftin yakan yi sanarwa ta lasifika: inda ake, gudun jirgi, yanayin gobe, zurfin ruwa. Ku sa ɗan shekara 10 ɗin ya saurara. Arewa da Puerto Rico akwai kwazazzabon da ya fi ko'ina zurfi a Tekun Atlantika, sama da mita 8,000, kuma hanyarku ta wajen take.

Kuɗi. Ranar teku ranar kasuwa ce ga kamfani, domin shagunan jirgi da gidan caca ba sa buɗewa a yawancin tasoshi sai an fita ruwa. Za ki ga tebura a hanya an baza agoguna da sarƙoƙi, ana kiran gwanjon zane-zane, ana raba takardun tausa da gyaran jiki. Komai da katin ɗaki ake biya, hannu ba ya jin fitar kuɗi. Ana ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan lemon kwalba da tausa, sannan akwai tukuicin ma'aikata na kullum, dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum har yara. Ku biyar, kwana bakwai, a dala 18, dala 630 ke nan, gara a sa shi a lissafi tun daga gida. Ruwa da shayi da kofi na wurin abinci kyauta ne. Ki je teburin kula da baƙi tun ranar farko a toshe saye da katin yara, in ba haka ba ɗakin wasannin kwamfuta zai cinye abin da ba ki zata ba.

Waya kuwa, kafin jirgi ya bar Miami kowa ya sa tasa a alamar jirgin sama, sannan ya kunna Wi-Fi kaɗai. Da an yi nisan kamar mil 12 daga gaɓa, jirgin yana kunna tasa hanyar sadarwa ta tauraron ɗan'adam, layinki ya kama ta da kansa, kuɗinta kuwa ba kama hannun yaro. Manhajar jirgin tana aiki kyauta, a nan ake ganin jadawalin wuni da kama wurin zama a wasannin dare. Ku kama tun ranar shiga, a makon nan kafin ranar teku ta farko sun ƙare. Kuma a kula da agogo: a Disamba St. Thomas da St. Maarten suna gaban Miami da awa ɗaya, wani jirgin yana canzawa, wani ba ya canzawa. Agogon jirgi shi ne doka. Ki kashe canjin lokaci na kai-tsaye a waya, ki saita da hannu.

Anti Nas ta rubuta:

Maman Yusra, sannu da shiri. Ni batun lafiya zan taɓa, don shi ne yake ɓata wa mutane wuni.

Jirin teku yana zuwa ne idan kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana ganin bango a tsaye. Shi ya sa mafi munin abin da mai jiri zai yi shi ne ya kulle kansa a ɗaki mara taga yana duba waya. A fito da shi inda iska take, a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da suke rage tangaɗin hagu da dama, amma ba sa hana goshin jirgi ɗagawa da sauka. Don haka gaba da can baya, musamman a hawa na sama, su ne suka fi jijjiga. In har yanzu ana iya canza ɗaki, a nema wa Hajiya na tsakiya kusa da lif. Irin waɗannan jiragen tsawonsu yakan haura mita 300, tafiya daga wannan kai zuwa wancan sau uku a wuni ba ƙaramin aiki ba ne ga dattijuwa.

Magani kafin jiri ya fara ake shansa, idan amai ya riga ya zo ƙwayar ba ta zama a ciki. Stugeron mai miligiram 15 wanda aka sani a kemis ɗinmu: babba ƙwaya biyu awa biyu kafin tashi, sannan ɗaya duk awa takwas, yaro mai shekara 5 zuwa 12 rabin haka. Ba a sayar da shi a Amurka, wanda yake so ya taho da shi a kwalinsa. A can abin da ake samu shi ne meclizine, miligiram 25 sau ɗaya a rana ga wanda ya kai 12, da Dramamine. Ɗan shekara 4 ɗin Stugeron bai dace da shi ba, likitan yara ya rubuta abin da za a ba shi da adadinsa kafin ku taso. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su ne jirin tafiya ya fi kamawa, kada a ce ai yaro ne ba ruwansa.

Za ki ga mutane da ɗan filasta zagayayye a bayan kunne. Scopolamine ne, ana manna shi aƙalla awa huɗu kafin tafiya, yana aiki kwana uku. Don Allah kada wani ya ba Hajiya nasa don tausayi. Yana busar da baki, yana dusashe gani, yana iya riƙe fitsari ko ya rikita tunanin tsofaffi, kuma haɗari ne ga mai hawan jinin ido. Ko ƙwayoyin da na ambata suna sa barci, tsohuwa mai magagi a ƙasan da yake motsi kuwa faɗuwa ake ji mata. Likitanta ya zaɓa mata. Citta tana taimako, a shayi ko a tauna, haka busasshen biskit da koren tufa. Kada a bar ciki wayam, kada kuma a cika shi da maiƙo.

Ga mai suga, haɗarin yana nan: ta sha maganinta ko ta yi allura da safe, jiri ya hana ta ci, sai suga ya faɗi. Ku riƙe na'urar gwaji da dabino ko alewa a jaka duk inda za ku, da 'yan fakitin ruwan gishiri da suga. Idan amai ya ƙi tsayawa, a kai ta asibitin jirgi, yana can hawan ƙasa, kada a jira gobe. Magungunanta su kasance a jakar hannu ranar shiga, don akwatuna sukan kai yamma kafin su iso ɗaki, kuma a ƙara na kwana uku ko huɗu a kan lissafi. In tana allurar insulin, ƙaramin firjin ɗaki sau da yawa sanyinsa bai isa ba, ki gaya wa mai kula da ɗaki, shi ne kuma zai kawo robar zuba allurai. Asibitin jirgi kuɗi ne, a kan katin ɗaki ake ɗorawa, kuma da tsada. Ku yi inshorar tafiya wadda ta haɗa da ɗauke mara lafiya daga teku, a bayyana ciwon Hajiya a takardar.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro a wannan lokacin: norobairos, cutar amai da gudawa mai yaɗuwa da hunturu a duk inda mutane suka cunkushe. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20, kafin kowane cin abinci, da kuma bayan an gama ɗiba, tun da cokalin ɗiban nan hannu ɗari ya taɓa shi. Wanda ya kamu ya kira asibitin ta wayar ɗaki, za a ce ya zauna a ɗaki har awa 24 bayan alamun sun tsaya, ana kawo masa abinci. Ɓoyewa shi ne yake sa ta zagaye jirgi.

Malam Na-Tudu ya rubuta:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabata. Malama, ga batun alƙibla.

Kamfas na waya ko na dardumar sallah ba abin dogaro ba ne a ɗakin jirgi, saboda bango da rufi da ƙasa duk ƙarfe ne, allurar sai ta yi ta rawa. Hanya mai kyau tana cikin talabijin ɗin ɗaki. Akwai tashar da take nuna taswira da inda jirgi yake da kuma inda goshinsa ya dosa, da lambar digiri. Alƙibla daga Miami digiri 57 ce daga arewa, daga St. Thomas 65, don haka a tsakiyar hanya a riƙe 60. Ba ta ma yi nisa da ta Kano ba, wadda take wajen 68. Sai a cire lambar jirgi daga ta alƙibla. Wajen tafiya jirgi yakan dosa kudu maso gabas, a ce 120. Sai mutum ya fuskanci goshin jirgi, ya karkata hagu da digiri 60, wato kashi biyu cikin uku na juyawa zuwa bangon hagu. Wajen dawowa jirgi yana kan 300 ko kusa, alƙibla ta koma dama da digiri 120: a fuskanci bangon dama sosai, a ƙara karkata kaɗan zuwa baya. Mai kula da ɗaki zai nuna miki ina ne gaba, a taswirar bayan ƙofa ma an zana. A tsakiyar teku jirgi yakan yi awanni a kan layi ɗaya, ba kasafai zai juya ana cikin sallah ba. Idan ya juya kuma mutum ya gane, malaman Malikiyya sun ce ya juya ya bi alƙibla matuƙar zai iya.

Farilla a tsaye ake yi, sai ga wanda yake tsoron faɗuwa ko jiri ya rinjaye shi, shi ya zauna. Hajiya ta yi kusa da bango ko gado inda za ta dafa. Ƙasaru ta halatta a tafiyar ruwa kamar ta tudu idan nisan ya kai, wannan kuwa ya ninka shi sau da yawa. Haɗa salloli biyu saboda tafiya dai, a mazhabar Malikiyya rangwamen na matafiyin tudu ne, wasu mazhabobin sun sawwaƙe har a ruwa. A jirgi irin wannan ba a ma buƙatarsa, ɗaki yana nan, ruwa yana nan. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi.

Lokaci shi ne inda ake kuskure. Manhajar sallah tana riƙe garin da ta gani na ƙarshe. Ku kuwa kuna matsawa gabas, kowane digiri ɗaya minti huɗu ne, a wuni ɗaya lokutan suna matsowa da kamar rabin awa. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Miami wajen 5:35, tana fitowa bayan 7 kaɗan. Idan jirgi bai canza agogo ba, kafin ku isa tsibiran hudowar rana ta dawo wajen 6 saura, wanda ya saita ƙararrawa a kan lokacin asubar Miami sai ya makara da asuba. A ɗauki lambobin wuri daga talabijin a shigar da hannu, ko a fita fili da waya, GPS yana kamawa ko ba layi. Magariba kuwa ido ya isa, babu gini babu dutse. A lura zaman abincin dare na farko yakan fara tsakanin 5:30 da 6, daf da magariba. Ku yi sallah ku je, ko ku zaɓi tsarin da ba a ƙayyade lokaci ba.

Abinci. Naman halal a jiragen da suke tashi daga Amurka ba tabbas ba ne, kuma ba a ranar ake nemansa ba. A rubuta wa kamfanin aƙalla wata ɗaya da rabi kafin tafiya, a karɓi amsa a rubuce. In babu, kifi da ƙwai da kayan lambu da shinkafa sun wadatar, kuma kusan kullum akwai girkin Indiya mara nama mai yaji, wanda bakinmu ya fi karɓa. Daren farko a gaya wa shugaban masu hidimar tebur: ba alade, ba giya ko a miya. Zai riƙa kawo takardar abincin gobe tun yau ku zaɓa a dafa muku daban. Da yawa daga ma'aikatan 'yan Indonesiya ne Musulmi, sun san abin da ake nufi.

Ranar 25 a ƙara sa ido, don girkin bikin ya fi na kullum tarko. Talotalon da ake yankawa, cushen da ake zubawa gefensa sau da yawa da tsiren alade a ciki, kusa da shi kuma cinyar alade ce, wani lokaci wuƙa ɗaya. Kek mai 'ya'yan itace da fudin na Kirsimeti da barasa ake jiƙa su, haka kek ɗin rom na Karebiyan, haka wani abin sha mai kauri na madara da ƙwai. Ganye da wake ma akan barbaɗa musu soyayyen naman alade. Alewa mai danƙo da ake raba wa yara, yawancinta da jelatin, sinadarin danƙo da sau da yawa daga alade ake samo shi. Bikin kansa ba a tilasta wa kowa: ado ne da waƙoƙi da rabon kyauta ga yara da addu'ar Kirista a ɗakin taro, duk an rubuta lokacinsu a jadawali. Gidan caca a jirage da yawa yana tsakiyar hanyar zuwa ɗakin abinci, a hau hawa ɗaya sama a zagaye shi.

Maman Yusra ta rubuta:

Kai, Allah ya biya ku da aljanna. Malam, wannan lissafin na rubuta shi a takarda. Saura tambaya biyu. An ce akwai daren ado, ina so maigida ya sa babbar riga mu kuma leshi, to guga fa? Zan iya tafiya da ƙaramin dutsen guga da kaskon turaren wuta na lantarki? Sannan wurin ajiye yara, har ɗan shekara 4 suna karɓa?

Uwar Biyu ta rubuta:

'Yar'uwa, dutsen guga da kasko duk ki bar su a gida. Ana haska kowane akwati, abin da yake zafi ko yake hayaƙi za a cire a ajiye sai ranar sauka, akwatin kuma ya makara, a kira ki ƙasa ki buɗe. Gawayi, kyandir, tsinken turare, hita ta ruwa, duk layi ɗaya ne. Ba tsanani ba ne haka kawai, wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi. A 2006 gobara ta tashi daga baranda a jirgin Star Princess a nan Karebiyan, ta ci ɗakuna da yawa, mutum ɗaya ya rasu. Ki turara kayanku sosai a gida ki ƙulle a leda, ki riƙe humra da turaren shafawa. Doguwar wayar soket ma ƙwacewa suke yi. Soket ɗin ɗaki na Amurka ne da na Turai, namu mai baki uku ba ya shiga, ki sayi adafta biyu ko uku.

Daren ado yawanci a ranar teku ta farko yake faɗowa, kuma babbar riga da leshi sun cika sharaɗi har sun yi yawa. Wasu kamfanonin, irin su Carnival da Princess, suna da ɗakin wanki da guga na fasinja a yawancin jiragensu, amma da yammar ranar layi ne, ki je da safe. Royal Caribbean ba su da shi, sai dai a ba ma'aikata a biya, kuma a bayar tun daren shiga. Shadda mai aiki ni ban ba da shawarar a miƙa ta ga wanda bai san ta ba. A kai wa mai bugu a gida, a naɗe da takarda tsakanin ninki, a shimfiɗa a saman akwati, da an shiga ɗaki a rataye. Masu hoto za su tare ku a ko'ina, ɗauka kyauta ne, karɓa ne kuɗi.

Ba ki tambaya ba amma ki sa buta ƙarama a kaya, banɗakin ba shi da tiyo. Masai na jirgi da zuƙar iska yake aiki, bututunsa siriri ne. Ban da tishun da suka ajiye kada a jefa komai, ko tsumman goge yara da aka rubuta ana iya korawa. Guda ɗaya yana toshe layin ɗakuna da yawa. Wajen alwala a shimfiɗa tawul a ƙasa saboda Hajiya, jiƙaƙƙen tayil da tangaɗi ba sa haɗuwa. Bangon ɗaki ƙarfe ne, maratayi masu maganaɗisu suna kamawa, sun isa rataye hijabai da kayan wanka. Kada a shanya komai a baranda.

In ɗakinku mai baranda ne, ƙofarta da ta shiga ɗaki kada su kasance a buɗe lokaci guda. Iska tana ratsawa ta bugo ƙofar da ƙarfin da zai karya yatsan yaro. Akwai sakata a sama, ki sa ta kullum, kuma kujera ko tebur kada su matsa kusa da shingen. Tsayinsa ya haura mita ɗaya kaɗan, an yi shi don wanda yake tsaye a ƙasa, ba yaron da ya taka kujera ba.

Wurin yara suna karɓa daga shekara 3 a yawancin jirage, da sharaɗin yaro ya bar famfas yana zuwa banɗaki da kansa. Rukuni-rukuni ne bisa shekaru, don haka naki biyu ba za su zauna tare ba, ki shirya wa ƙaramin zuciyarsa. Rajista ranar shiga ake yi. A makon Kirsimeti wurin yana cika, wanda ya zo bayan buɗewa da rabin awa yana iya tarar da an rufe karɓa, ki kai su minti goma kafin lokaci. Wasu suna rufewa da tsakar rana a zo a ɗauki yara su ci abinci, bayan 10 na dare kuma kuɗi ne duk awa. Ki rubuta a fom ɗin abin da ba sa ci, ki kuma zaɓi cewa babban ba zai fita da kansa ba sai an zo ɗaukarsa. Abin hannun da za a ɗaura musu ranar farko mai lambar wurin taruwar gaggawa, kada a cire har a sauka. Idan aka busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya, ke ki wuce wurin taruwarku, ma'aikata ne za su kawo yaran can.

A wurin ninƙaya ko akwai mai gadi idonki ya fi nasa, ruwan yana kai-kawo da motsin jirgi, yara kuma sun yi yawa. Silalo yana da ma'aunin tsayi, yawanci daga santimita 107 zuwa 122, ki auna ƙaramin a gida don kada ya yi layi a mayar da shi yana kuka. Kayan wanka masu rufe jiki ba a hana su, sai dai a silalo ba a son mai yalwa ko mai zif na ƙarfe. Kuma a shafa musu man kariya daga rana, iska tana ɓoye zafin, baƙar fata ma tana ƙonewa.

Abu Fawwaz ya rubuta:

Ƙari kaɗan a kan na Uwar Biyu. Ku sa a rai kwana ukun nan suna iya zama huɗu. Ƙananan tsibiran Bahamas, musamman waɗanda jirgi yake tsayawa nesa a kwashi mutane da ƙananan jirage, idan iska ta yi ƙarfi kyaftin yakan fasa tsayawa, kuma a hunturu hakan na faruwa. Ana mayar da harajin tashar da kuɗin yawon da aka saya ta hannun kamfanin jirgi, wanda aka saya a waje kuwa sai yadda sharaɗin mai shi ya ce, a karanta kafin a biya. A irin wannan safiya cikin awa ɗaya ake fito da sabon jadawali a manhaja, wurin yara ya buɗe, kujeru su cika nan da nan.

Kuma ranar teku ta ƙarshe, da rana lokacin da kowa yake bakin ruwa, ki buɗe lissafin ɗakinku a talabijin ko a manhaja ki bi shi layi-layi. In akwai tawul da aka ce ba a mayar ba ko lemon da ba ku sha ba, a lokacin teburin kula da baƙi ba kowa. Daren ƙarshe layinsa har bakin lif yake kaiwa.